Kira Uku da Agwagin Kawu

"Kawu, wai yaushe za a fara wasan?"

'Yata ce ta yi wannan tambayar, tana zaune a tsakiyar falo ta miƙe ƙafafu, rimot ɗin wasa a hannunta. Shekarunta bakwai, Aku muke ce mata a gida, don tun ranar da bakinta ya buɗe bai sake rufuwa ba. Wanda aka yi wa tambayar kuwa ƙanena ne, autan gidanmu, wanda ya kwashe shekara biyu cur yana haɗa wannan wasan bidiyon da hannunsa. A lokacin kuma minti ashirin ke nan da fara wasan.

Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinkina. Auta ya yi tsuru-tsuru, ya gyara zaman gilashinsa.

"Ai an fara, Aku. Wannan da kike yi shi ne wasan."

"Tafiyar?"

"E, tafiyar. Ke dubi ruwan nan dai. Kin taɓa ganin ruwa irin wannan?"

"Na gani a famfo."

Babanta yana kan doguwar kujera da kofin shayi. Dariya ta taso masa, ya mayar da ita tari, har shayin ya zube masa a gwiwa.

Tsakani da Allah, wasan ya yi kyau. Kogi ne yake ratsa daji, rana tana sauka a kansa tana farfashewa, har duwatsun ƙasan ruwan kana gani. Ganye ya faɗo, sai ya yi ta juyi a iska kafin ya sauka. Mutumin da ake tafiyar da shi yana sanye da kwat, ni da nake tela sai da na matsa kusa da talabijin na duba ɗinkin kafaɗarsa, ban sami abin kushewa ba. Amma aikin ke nan: ka danna gaba, ya yi tafiya. Can sai rimot ya daina aiki, mutumin ya tsaya a bakin ruwa ya yi ta ba kansa labarin ƙuruciyarsa. In ya gama, ka sake danna gaba.

Abin da ya kawo Auta gidana ranar ba hira ba ce. Saura kwana goma sha biyu a yi bajekolin sababbin wasanni, inda alƙalai za su zaɓi guda uku kacal, wani kamfani ya ɗauki masu su aiki su ƙarasa. Auta ya bar shagon gyaran kwamfuta saboda wannan wasan, kuma ya yi wa mahaifiyarmu alkawari a gabana cewa in ba a zaɓe shi ba, zai rufe babin ya koma shago, ba zai sake tayar da maganar ba. Mun san shi, in ya faɗa ya faɗa. A tsawon shekara biyun nan kuma bai taɓa miƙa wa wani rimot ba. Kira yake yi a zo a gani, a ce kai, madalla, a tafi. Aku ce mutum ta farko da ta riƙe.

"Ki ɗan ci gaba mana, 'yar Kawu," in ji shi. "Gaba kaɗan akwai inda hazo yake tashi."

Ta ci gaba, amma don gajiya sai ta shiga danne-danne, wannan maɓalli, wancan maɓalli. Kwatsam mutumin ya yi fito. Wasu agwagi da ke iyo a gefen kogi suka ɗago kai, suka fito daga ruwa, suka jeru a bayansa suna rangaji. Ta juya hagu, suka bi. Ta juya dama, suka bi, ta ƙarshen ta yi tuntuɓe da dutse ta mirgina. Aku ta ƙyalƙyale da dariya har ta kwanta.

"Mama, kalli! Kalli 'yar ƙaramar! Wawuya ce!"

Agwagwa ta biyar na shiga layi, sai hoton ya fara cijewa, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Auta ya yi wuf ya karɓe rimot.

"Kuskure ne wannan. Umarnin karen mutumin ne ya faɗa kan agwagin, kare ne ya kamata ya bi shi in ya yi fito. Yau ɗin nan zan cire."

Ya mayar da ita kan hanya, ya miƙa mata rimot. Ta danna gaba sau biyu, ta ajiye shi a hankali a ƙasa, ta taso ta zo gindin kekena.

"Mama, in tsince miki ƙyallaye?"

Sai uwa ce za ta gane nauyin wannan maganar, don haka bari in yi bayani. A gidana ba a wuce rabin awa ana wasan bidiyo, kuma babu wasan da yake shiga hannun 'yata sai na zauna na gan shi da idona. A cikin wannan gadin ne na sami ma'aunina, wato kira. In na kira ta sau ɗaya ta taso, wasan ba komai ba ne. In sai sau biyu, da ɗan dama. In kuwa sai na kira sau uku, na ukun da murya irin wadda maƙwabta ke ji, to wasa ya amsa sunansa. Akwai wani tsohon wasa a tsohuwar wayar babanta, wani kwaɗo ne mai kama da akwatin ashana yana tsallake motoci, muninsa ya isa. Wannan kwaɗon kira uku yake ci kullum. Ga wasan Auta kuwa, ko kiran ban yi ba. Yarinyar da tsintar ƙyallaye take zame mata kamar shan magani, ita ce ta kawo kanta.

Na ce wa babanta ya ɗauke ta su je su sayo min farin zare. Ya dube ni, ya dubi kwandon da ke cike da farin zare, ya gane, ya ja hannunta suka fita.

"Auta, zo ka zauna nan."

"Yaya, yarinya ce fa. Ba don irinta na yi shi ba."

"Su wa za su gwada shi ranar bajekolin?"

Ya san amsar. Shi da bakinsa ya gaya min cewa yara 'yan makaranta ake kawowa, a ba su minti goma a kowane tebur, alƙalai na tsaye a baya suna kallon yaran.

Na ce, "Ka tuna rigar duwatsu?"

Ya tuna, don har yau ana yi min tsiya da ita a gida. Farkon koyon ɗinkina wata mata ta kawo min yadi za ta je liyafa. Na yi mako uku ina jera mata duwatsu masu walƙiya ɗaya bayan ɗaya, rigar ta fito kamar a sa ta a gilashi. Ta zo ta sa, ta tsaya gaban madubi, muka yi ta tafi. Sai ta ɗaga hannu za ta gyara gashinta, hannu ya ƙi ɗaguwa. Ta zo zama, riga ta ce ba da ni ba. Ranar na kwance rabin duwatsun ina kuka, na buɗe hammata, na saki ƙugu.

"Rigata ta yi kyau a rataye, Auta, amma mai numfashi ce za ta sa. Wasanka ma a rataye yake. Sau ɗaya yarinyar nan ta yi dariya yau, kuma abin da ya ba ta dariyar shi kake shirin cirewa."

"Ba ki gane ba, Yaya. Na'urar ba za ta ɗauki kogin da agwagin tare ba. Ruwan nan shi kaɗai yana cinye fiye da rabin ƙarfinta. In ina son agwagi su yi yawo, sai na rage ruwan."

"To ka rage."

"Wata bakwai na yi a kan ruwan nan! Wata bakwai! Kin san sau nawa na je bakin kogi na zauna ina kallon yadda yake karya haske?"

"Na sani. Ni na riƙa wanke maka wandunan da suka sha laka."

"Kuma ba a fafe gora ranar tafiya."

"Kwana goma sha biyu ba ranar tafiya ba ce. Na ɗinka kayan makarantar aji guda a kwana tara."

Ya tashi ya tattara wayoyinsa, fuska a murtuke, ya fita ko sallama babu. Na zauna ina jin ba daɗi, don ni na goya yaron nan. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamma ya ji daga bakina a falona da ya gani a fuskar baƙi.

Washegari da safe, ina shirya Aku za ta makaranta, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ga Auta da jakar kwamfuta a kafaɗa da wata a hannu.

"Teburin cin abincinku nake so," in ji shi. "Da ma'aikaciyar gwajina in ta dawo daga makaranta."

"Rabin awa a rana," na ce. "Ko minti ɗaya ba ƙari."

"Yaya, aiki ne fa."

"Da aikin da wasan duk ido ɗaya suke ci."

Haka muka zauna, ni a keke shi a kwamfuta, ƙarar feda da ƙarar maɓallai. A rana ta biyu ya rage ruwan. Na san lokacin da ya yi, don sai da ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Kogin ya koma shuɗi mai ɗan ƙyalli, duwatsun ƙasa suka ɓace. Baban Aku da ya dawo daga aiki ya leƙa ya ce, "Kai, wa ya zuba wa kogin bula?" Na harare shi, ya wuce ɗaki sum-sum.

Mutumin mai kwat ya daina ba da labarin ƙuruciyarsa. Karen ma aka sallame shi. Aiki ya koma ɗaya: ka yi fito, ka tara agwagi tara, ka ƙetare da su kogi kafin rana ta faɗi. Sauran kuwa daga bakin Aku suka fito, tana wasa tana surutu, shi kuma yana rubutawa a bayan takardun awona.

"Kawu, me ya sa duk halinsu ɗaya? A ajinmu ba haka ba ne."

Sai aka sami mai kwaɗayi da ke tsayawa duk inda ta ga tsutsa, da matsoraciya da ba ta hawa gada sai an koma an rako ta, da 'yar ƙaramar nan mai tuntuɓe, wadda ya so ya gyara mata ƙafa Aku ta ce in ya taɓa ta sun ɓata har abada.

A rana ta biyar na gwada. Ina daga kicin na ce, "Aku!" Ta ce, "Na'am," ta taso. Auta ya dafe kai.

"Kira ɗaya," na ce. "Amma ta waiwaya sau biyu kafin ta iso. Ci gaba."

Ya ƙara gungumen da ke juyawa in an taka, ya ƙara wata dila da ke laɓe a ciyawa. Dilar ce ta haɗa mu faɗa, don na ce ba za a cinye agwagwa a gaban 'yata ba. Muka daidaita a kan cewa in dila ta kama agwagwa, sai dai ta mayar da ita farkon hanya, agwagwar na ta masifa. A rana ta takwas aka ci kira biyu. A rana ta goma na kira sau ɗaya, shiru. Na sake, shiru. Na fito da ludayi a hannu na tsaya a kanta na kira na uku, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mama, don Allah, matsoraciyar ce ta rage."

Auta ya yi tsalle har ya buge fitilar da ke rataye a kan tebur. Ni kuwa murna ta zo min tare da wani abu mai ɗaci. Na dubi 'yata, ido a kafe, baki a buɗe. Da hannuna na taimaka aka ƙera abin da zai toshe mata kunne.

"Zauna, ba mu gama ba," na ce masa. "Agwagin nan ba sa barci ne?"

"Barci kuma?"

"In an yi rabin awa, su gaji. Su shige akurkinsu su kwanta, kowa ya yi fito ya gaji kada su fito sai gobe."

"Yaya, kowa ƙoƙari yake a daɗe a kan wasansa, ke kina cewa in kori mutane?"

"Ni na ba ka teburi, na ba ka ma'aikaciya, na ba ka shayi da biredi kwana goma. Agwagi za su yi barci."

Ya yi gunaguni, amma ya sa. Har ya ƙara musu hamma da minshari, don Auta in ya sa hannu a abu ba ya yin rabi.

Ranar bajekolin muka tafi mu huɗu. Babban zaure ne, tebura a jere, wayoyi a ƙasa an lilliƙe su da salatif. Na leƙa wasannin mutane. A teburin da ke kusa da namu akwai talabijin kamar ƙofar gareji, wani jarumi a ciki, gumin goshinsa ma kana iya ƙirgawa. Iyaye suka taru a wurin suna ɗaukar hoto. Namu kogin mai bula yana gefe kamar maraya. Auta ya dube shi, ya dubi na maƙwabcin, ya ce a hankali, "Da na bar ruwana." Ni ma a lokacin zuciyata ta raya min ko na cuce shi.

Aka shigo da yara, aka rarraba su, aka kaɗa ƙararrawa. Na riƙe hannun Aku gam don kada ta je ta koya musu, duk da haka tana ta cije leɓe tana cewa, "Fito! Ku yi fito mana!" Wata yarinya mai kitso biyu ce ta fara gano maɓallin. Agwagi suka jeru, ƙaramar ta mirgina, teburin ya kwashe da dariya. A teburin jarumi kuwa, yaran sun riƙe rimot suna jira ya gama jawabi. Ɗaya ya fara leƙen namu.

Minti goma suka cika, aka kaɗa ƙararrawar canjin tebur. Ko'ina yara suka tashi, ban da namu. Mai ƙararrawa ya sake kaɗawa. Wata alƙaliya, dattijuwa mai gilashi rataye da igiya a wuya, ta matso ta ce, "Yara, a tashi haka nan." Mai kitso biyu ta ce, "Don Allah, saura ɗaya, tsoron gada take ji."

Na matse hannun Auta. "Uku," na ce masa. "Ƙirga da kanka."

Layi ya taru a teburinmu, sababbi sun zo, tsofaffi sun ƙi tafiya. Ana cikin haka rabin awa ta cika, agwagi suka yi hamma, suka juya suka shige akurki, minshari ya tashi. Yara suka yi ta fito, ko gezau. Auta ya yi fari fat, don ya manta bai kashe barcin ba saboda ranar. Ya kai hannu zai sake kunna wasan, dattijuwar ta tare shi.

"Lalacewa ya yi?"

"A'a, ranki ya daɗe. Barci suke yi. Sai gobe."

"Dabarar wa ce wannan?"

Ya nuna ni da baki. Ta sa gilashinta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "'Ya'yanki nawa?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Ni jikoki shida," ta yi rubutu a takardarta ta wuce.

Da la'asar aka kira sunaye. Na farko ba mu ba, na biyu ba mu ba. Na uku aka kira wasan agwagi. Baban Aku ya ɗaga Auta sama kamar buhu, Aku tana ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ita ce ta hana a gyara ƙafar ƙaramar. Auta ya kira mahaifiyarmu a waya, ya kasa magana, sai ni na karɓa na ce mata shago ya nemi wani.

A hanyar gida ya ce min, yana kallon waje ta tagar mota, "Amma fa Yaya, ruwan nan ya yi kyau."

"Ya yi," na ce. "Rigar duwatsu ma ta yi."

Ya ajiye tsohon kogin a kwamfutarsa. Wani lokaci in ya zo, sai in gan shi ya buɗe yana kallo shi kaɗai, kamar mai duba hoton tsohuwar budurwa. Ba na hana shi.

Ke kuma 'yar'uwa mai karanta wannan, ko kai ɗan'uwa, in za ku kawo wa yaro wasa gida, kada ƙyallin hoton kwali ya ruɗe ku. Ku miƙa masa rimot, ku shiga kicin, ku kira shi. In ya taso a kiran farko, ku mayar wa mai shago kayansa. In kuwa sai da kuka kira sau uku, to kun sami wasa, kuma kun sami aiki: ku kafa dokar lokaci tun a ranar, kafin ya kwana a gidan. Agwagin ƙanena ne kaɗai na san suna barci da kansu. Sauran, in ba ku kashe su ba, ba za su taɓa sakar muku ɗa ba.